Gwarzo da Ɗankabo: Yadda Sunan Gari Yake Zama Sunan Gida

Sunan zuri'a, wato sunan da ɗa yake gada daga uba, jika kuma ya gada daga ɗa, ba tare da ya sauya ba ko da an shafe ƙarnuka ana hayayyafa, baƙon abu ne a tsarin sunayen Hausawa, duk da cewa a yau da wuya a sami takardar hukuma ko ta banki ko ta makaranta wadda ba ta ware masa gurbi ba. A yammacin Jihar Kano, musamman a ƙasashen Gwarzo da Kabo, waɗanda hanyar da ta tashi daga Kabuga ta bi ta Rimin Gado ta nufi Dayi take ratsawa, abin da ya fi cike wannan gurbi shi ne sunan gari, shi ya sa ake jin Gwarzo da Getso da Lakwaya da Kabo da Garo a ƙarshen sunayen 'yan boko da 'yan siyasa da attajirai. Wanda ya saba da tsarin Turai yakan ɗauka cewa duk masu amsa suna ɗaya kakansu ɗaya ne, alhali sunan da yake ji wuri yake nunawa, ba tsatso ba, kuma a kan wannan bambanci tarihin sunayen yankin ya ginu.

Al'ummar da ta yi fice wajen gina sunan zuri'a a kan kaka ita ce ta masu magana da harshen Gelik, wato Gelawa, mazauna tsibirin Ayilan da tuddan Sikotilan, kuma duba tsarinsu yana haskaka na Hausa. Mutanen Ayilan suna cikin na farko a Turai da suka mayar da suna abin gado, tun wajen ƙarni na 10 da na 11, ta hanyar ƙananan kalmomi biyu da ake sakawa gaban sunan mutum: Mac, wadda take nufin ɗa, da Ó, wadda asalinta jika take nufi, daga baya ta faɗaɗa ta ƙunshi duk wanda ya fito daga tsatson. Da haka zuri'ar Sarki Brian Boru, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf kusa da Dublin a 1014, suka zama Ó Briain, 'ya'yan Domhnall na tsibiran yammacin Sikotilan suka zama Mac Domhnaill, wanda Ingilishi ya mayar MacDonald. Wasu sunayen daga sana'ar kaka suka fito, kamar Mac Gabhann, ɗan maƙeri, da Mac an Bhaird, ɗan mawaƙin fada. Wasu kuma daga siffar jiki, kamar Caimbeul, mai karkataccen baki, wanda ya zama Campbell. Abin lura shi ne akwai lokacin da kalmar Mac ta daina nufin ɗan da mutum ya haifa, ta daskare a jikin sunan, har jikan jikan maƙeri da bai taɓa riƙe masaba ba ya ci gaba da amsa ɗan maƙeri. Wannan daskarewa ita ce haihuwar sunan zuri'a a ko'ina, domin muddin suna yana sauyawa daga uba zuwa ɗa, bayani ne a kan mutum ɗaya, ba gado ba.

Hausa ba ta rasa irin waɗannan kayan aiki ba. Kalmomin ɗan da 'yar suna yin aikin da Mac take yi, kamar yadda ake gani a sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, inda Fodiyo laƙabin mahaifinsa ne mai nufin malami da Fulatanci, ko a sunan Alhassan Ɗantata, attajirin da aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, wanda aka jingina shi ga Tata, matar da ta rene shi, sunan kuma ya daskare har ya zama na 'ya'ya da jikoki. Haka nan akwai ɗafa-ƙeyar -awa, wato guntun da ake liƙawa a ƙarshen suna domin a nuna jama'ar wani mutum ko ta wani wuri, wadda ta fi kusa da Ó ta Gelik. Da ita aka kira gidajen sarautar Kano na da, Bagaudawa daga Bagauda, Rumfawa daga Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da Kutumbawa daga Kutumbi. Da ita kuma ake kiran zuri'o'in Fulanin da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano, waɗanda suka yi hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando a nan yammaci kafin su ci birni a 1807, wato Sulluɓawa da Yolawa da Joɓawa da Dambazawa da Danejawa. Sunayen wurare da yawa, irin su Masanawa a ƙasar Kabo, da Tsanyawa da Gezawa, suna ɗauke da wannan ɗafi. Sai dai sunan zuri'a irin wannan bai taɓa bin mutum a ƙarshen sunansa ba. Kowa a fada ya san Madaki daga Yolawa yake fitowa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, amma inda ake adana wannan sani shi ne kirari da take da tsagar fuska da bakin tsofaffi, kuma inda yake amfani shi ne neman aure da gadon sarauta, ba kiran yau da kullum ba.

Dalilin haka yana bayyana tun ranar suna. A rana ta bakwai da haihuwa, bayan sallar asuba, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, uba ko wakilinsa ya raɗa wa liman sunan da aka zaɓa, a yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a, a raba goro da dabino, wanzami ya shiga ya yi wa jariri aski. Abin da aka sanar suna ɗaya ne tak, wanda ake kira sunan yanka, kuma babu wanda yake jin bukatar a ƙara masa wani abu, domin duk wanda ke kan tabarmar ya san gidan da mai gidan da uban mai gidan. Daga nan sai laƙubba su biyo baya, wasu na ranar haihuwa kamar Ɗanladi da Talatu, wasu na matsayin yaro a cikin 'yan'uwansa kamar Tanko da Kande da Gambo da Auta. Wani kaso mai yawa kuma alkunya ce take haifar da shi, wato al'adar kauce wa ambaton sunan wanda ake girmamawa: yaron da ya ci sunan kakansa ya zama Abba ko Babangida, yarinya ta zama Ummi, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, ɗa mai tarbiyya kuma ba ya faɗin sunan mahaifinsa gatsal. Al'ummar da ta ɗauki ɓoye sunan uba a matsayin ladabi ba za ta yi saurin mayar da shi tambarin da ake kiran yaro da shi a bainar jama'a ba, saɓanin Gelawa da suke ganin ambaton kaka shi ne girmama shi.

Jingina mutum ga garinsa ya riga zuwan Turawa, domin malamai sun daɗe da sanin abin da Larabci yake kira nisba, wato danganta mutum ga gari ko ƙabila, kamar al-Bukhari da al-Magili, kuma marubutan ƙasar Hausa sun yi amfani da ita, irin su Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen masanin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. A bakin jama'a ma haka ake yi idan suna ya zo ɗaya: a zamanin jihadi an sami manyan mutane biyu masu laƙabin Dabo a Kano, sai aka bambanta ɗaya da wurin zamansa aka ce Dabon Dambazau, domin kada a haɗa shi da Ibrahim Dabo na Sulluɓawa wanda ya hau gadon sarauta a 1819. Akwai kuma sunan da ya yi zagaye mai tsawo, wato Kabara, wanda asalinsa mashigin jiragen ruwa ne kusa da Tumbuktu. Wani malami ya zo Kano da shi, unguwar da ya zauna ta ci sunan, daga unguwar kuma sunan ya koma kan mutane, har ya zama na gidan Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya da ya rasu a 1996. Amma nisba a wancan zamani ta manyan malamai ce da fatake, mutanen da tafiya ta raba da gida, ba ta kowa da kowa ba.

Abin da ya mayar da ita ta gama-gari shi ne littafin kiran suna na makarantar boko da takardar albashi ta En'e. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an buɗe makarantar Nassarawa a 1909 a hannun Hanns Vischer, wanda shi kansa Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, sannan Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920, inda aka tara yara daga larduna daban-daban. Malamin da ya buɗe littafi ya tarar da Muhammadu biyar da Abubakar huɗu a aji ɗaya dole ya nemi abin da zai raba su, kuma tambayar da ta fi sauƙin amsawa ga yaron da yake jin nauyin faɗin sunan ubansa ita ce daga ina ya fito. Ta haka aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Yahaya Gusau da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, har Sardaunan Sakkwato ma da Ahmadu Raba aka san shi a makaranta kafin ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa Bello. Irin wannan matsi na hukuma ya taɓa faɗa wa Gelawa, amma ta hanya mafi tsanani, domin a 1465 an kafa dokar da ta tilasta wa 'yan Ayilan mazauna yankin Dublin da kewaye su ɗauki suna irin na Ingilishi, daga sunan gari ko launi ko sana'a ko muƙami, a Sikotilan kuma an haramta sunan MacGregor ɗungurungum a 1603, ba a janye haramcin gaba ɗaya ba sai 1774. A can raba mutane aka yi da sunan da suke da shi, shi ya sa ƙungiyar farfaɗo da harshen Gelik da aka kafa a 1893 ta sa da yawa suka dawo da Ó da Mac ɗinsu. A nan kuwa gurbi aka buɗe wanda babu kowa a ciki, mutane suka cike shi da abin da ya fi kusa da hannunsu.

Sunan Gwarzo ya yi sa'ar da sunayen garuruwa da yawa ba su yi ba, domin ya zo daidai da kalmar gwarzo ta yau da kullum, wadda take nufin jarumin da ba ya ja da baya, jam'inta gwaraza, kuma da ita ake yaba zakaran musabaƙa ko wanda ya yi fice a shekara. Mai jin sunan yakan ji gari da yabo a lokaci guda, mawaƙan siyasa da maroƙa kuwa ba sa barin irin wannan dama ta wuce su. Mutane da dama sun kai sunan manyan ofisoshi: Isma'ila Gwarzo ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a zamanin Janar Sani Abacha, Bello Hayatu Gwarzo ya wakilci Kano ta Arewa a Majalisar Dattawa, Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi mataimakin gwamnan Kano daga 2007 zuwa 2011, Munir Gwarzo ya shugabanci hukumar kula da kasuwar hannun jari daga 2015. Wannan jeri a tsarin Gelik zai nuna gida ɗaya mai ƙarfi, amma a tsarin Hausa sunan kaɗai bai ce komai a kan dangantakar jini ba, domin ɗan hakimi da ɗan maƙeri da ɗan baƙon da ya zauna a garin duk suna da iko ɗaya a kansa. Akwai ma abin lura a yadda aka fi sanin na ukunsu da A.T.M. Gwarzo, inda sunayen mutane suka taƙaice zuwa haruffa, sunan gari kaɗai ya tsaya cikakke.

Wata siffa ta irin wannan suna ita ce ba a samunsa a gida, sai an fita. A cikin garin Gwarzo babu amfanin kiran wani Gwarzo, tunda kowa Gwarzo ne. A can mutum ɗan gidan wane ne, ko na unguwa kaza, ko mai sana'a kaza. Girman wurin da ake jingina mutum gare shi yana ƙaruwa daidai da nisan da ya yi: mutumin Kutama ko Mainika da ya shiga makaranta a Gwarzo da ƙauyensa za a kira shi, idan ya kama aiki a Kano yana iya zama Gwarzo, idan ya sauka Legas ko Kumasi sai ya zama Kano, jikokin alhazan da suka zauna a Makka da Madina kuwa Hausawi da Barnawi da Fallata suke amsawa, sunayen da suka riga suka zama na gado a Saudiyya, har ɗaya daga cikin masu amsa su, Usama Hausawi, ya jagoranci 'yan wasan ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018. Don haka zaɓin da mutumin Getso ko na Garo yake yi na riƙe sunan garinsa maimakon na hedkwatar ƙaramar hukuma magana ce a kan asali, wato yana nuna cewa garinsa tsoho ne mai dagaci da tarihi, wanda bai kamata ya ɓace a ƙarƙashin sunan maƙwabci ba.

Sunan Ɗankabo ya nuna matakin da ke gaba, inda sunan gari yake rikiɗa ya zama na gida ɗaya. A asali ɗan Kabo jimla ce da ta dace da duk namijin da ya fito daga Kabo, kamar yadda ake cewa ɗan Kano ko ɗan Zariya, inda kalmar ɗan take nufin mutumin wuri, ba haihuwa ba. Amma da Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, jiragensa suka riƙa jigilar alhazai zuwa Jidda da sunan garin rubuce a jikinsu, sai kalmomin biyu suka haɗe suka zama ɗaya, suka tsaya a kan mutum ɗaya, bayan rasuwarsa a 2002 kuma suka zauna a kan iyalinsa. A yau idan aka ce Kabo a ƙarshen suna, gari ake nufi, idan aka ce Ɗankabo kuwa hankali kan gida yake tafiya. Wannan ita ce ainihin daskarewar da ta faru da Mac shekaru dubu da suka wuce, kuma ita ce ta faru da 'Yar'aduwa, sunan unguwa a Katsina da ya bi Musa 'Yar'aduwa ya sauka kan 'ya'yansa Shehu da Umaru. Abin da yake jawo ta a kowane hali shi ne fitowar mutum ɗaya da ya yi sunan da zuri'arsa ba sa son rabuwa da shi.

Mata suna da nasu matsayi a wannan tsari. Gelik yana da siffofi na musamman ga 'ya mace, Ní a madadin Ó da Nic a madadin Mac, Hausa kuma tana da 'yar, amma abin da ya fi tasiri a nan shi ne koyarwar Musulunci a aya ta 5 ta Suratul Ahzab, wadda ta yi umarni da a jingina 'ya'ya ga iyayensu maza, abin da ya sa malamai da yawa suke ganin mace ba ta sauya sunan mahaifinta saboda aure. Sunan gari ya dace da wannan fahimta, domin matar da aka haifa a Kabo aka kai ta aure Ƙaraye ko Malumfashi tana iya riƙe Kabo har ƙarshen rayuwarta, 'ya'yanta kuma su amsa garin ubansu.

Abin da makarantar Turawa ta fara, kwamfuta ce take kammalawa. Tun da aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa a 2007, Babban Bankin Najeriya ya fito da lambar tantance masu ajiya a 2014, hukumar jarrabawar shiga jami'a kuma ta wajabta lambar ɗan ƙasa a 2021, sassaucin da aka saba da shi ya zama matsala. Saurayi ya zauna gaban mai rajista, takardarsa ta firamare tana ɗauke da sunansa da na mahaifinsa, ta sakandare ta ƙara sunan gari, ta banki ta taƙaita sunan uba zuwa harafi ɗaya, mai rajista ya tambaye shi wanne ne na ƙarshe, domin gurabe uku ne a allon kuma dole su zo daidai da na sauran takardu. Idan suka saɓa, sai an je kotu an yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida. Iyayen da suka sha wannan wahala sukan yanke shawarar rubuta wa dukan 'ya'yansu suna na ƙarshe iri ɗaya tun daga takardar haihuwa, kuma sau da yawa sunan garin da uban yake amsawa ne, ko da yaran a Abuja ko Kaduna aka haife su, ba sa zuwa Gwarzo sai da salla. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen ɗaukar aiki da shiga makaranta, ta ƙara wa wannan zaɓi daraja.

Sakamakon haka shi ne ana kafa sunayen zuri'a a yammacin Kano a wannan zamani, a idon masu amsa su, amma irin waɗanda suke adana wuri su bar nasaba. Mutumin Ayilan mai amsa Ó Briain yana riƙe da sunan kaka ɗaya, ko da ya manta garin da kakan ya zauna. Jikan mutumin Gwarzo ko na Kabo da zai gaji sunan nan da shekaru ɗari zai riƙe garin, amma sunan ba zai gaya masa ko kakansa Basulluɓe ne ko Bamaguje, malami ne ko majemi, ɗan gari ne ko baƙo ba. A da kirari da tsaga da tsofaffin gida suke ɗauke da wannan bayani, ga shi tsaga ta kusa ƙarewa, kirarin gida ya ragu, tsofaffi kuma suna tafiya da abin da suka sani. Gidan da yake son jikokinsa su san fiye da sunan gari, dole ya rubuta salsalarsa da hannunsa, domin gurbi na uku a takardar hukuma kalma ɗaya kawai yake ɗauka.